Kusurwar Ɗangoggo

Idan ka taɓa kwana a ɗakin bulo a Gwagwalada, ko a cikin sababbin gidajen nan masu jan rufi da suka tsiro a hanyar filin jirgi, to mai yiwuwa ka taɓa jingina bayanka da yashin da Ɗangoggo ya ɗebo. Ba za ka ga sunansa a allon 'yan kwangila ba. Ni kaina da na shekara huɗu ina lodin yashi kafaɗa da kafaɗa da shi, sai ranar da muka je asibiti aka kira "Badamasi" na ga ya miƙe, na ce, "Baba, zauna, ba kai ake kira ba." Ya ce, "Ja'iri, sunan da ubana ya yanka wa rago ke nan."

An haife shi a wani ƙauye a ƙasar Rano, a shekarar da shi kansa bai sani ba. Uwarsa ta rasu yana goye, ƙanwar ubansa ta ɗauke shi ta raine shi da kunu da nonon akuya, daga nan sunan ya bi shi. Ya ce yana ɗan shekara goma sha biyar ya taɓa ciccibar jaki da kayansa ya tsallake da shi rafi. Ni dai ban gani ba. Kuma shi Bakano ne, ni Bazazzagi, kun san abin da ke tsakaninmu. Duk labarin da ya ba ni, sai na cire jakin na bar kayan.

Amma ƙarfi kam, ya yi shi. Wannan ba daga bakinsa na ji ba, daga bakin Thaddeus na ji, mutumin Kagoro, wanda suka shekara ashirin tare a bakin rafi, kuma ba ya ƙarya ko a ranar kasuwa.

Cin rani ne ya kawo Ɗangoggo Suleja tun Abuja tana cikin takarda, birai suna wasa a inda manyan ofisoshi suke yanzu. Ya ɗauki kankare a kwanon sarki, ya haƙa rijiya, ya fasa dutse. Daga baya wani direban tifa ya kai shi rafin da ke bayan Paikon Kore, ya ga yashi shimfiɗe fari ƙal kamar an shanya gari, ya ce nan ne wurinsa. Mutanen Gbagyi suka ba shi fili a gefen gari, ya yi ɗaki biyu, ya koma gida ya ɗauko matarsa Murja. Cin ranin da bai ƙare ba ke nan har yau.

Sai na faɗa muku yadda ake lodin tifa, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Mutum huɗu ne gungu. Mota ta sauko bakin ruwa ta tsaya, biyu su tsaya a hagu, biyu a dama, kowa da kusurwarsa. Bodin tifa ya fi mutum tsawo, don haka na hagu ba ya ganin na dama, sai dai ya ji ƙarar shebur ɗinsa. Kowa kusurwarsa yake cikawa. In an gama, direba ya hau ya duba kafin ya ja tamfol. Yashi kuwa ba shi da kara. Idan hannun wani ya yi sanyi, kusurwarsa za ta kwanta, kowa ya gani.

Kuma abin ba na ado ba ne. Hanyar fita daga rafinmu tudu ce mai gangara gefe guda. Shekarun baya wata tifa ta hau da lodi a karkace, ta kife, direban ya bar ƙafarsa ɗaya a wurin. Tun ranar Ɗangoggo ya kafa doka a gungunsa: duk wanda kusurwarsa ta gaza ta sauran da abin da ya wuce tsawon bakin shebur, sawu uku a jere, to ya ajiye, wani ya karɓa. Ba faɗa, ba roƙo. Mutum biyu ya sallama da wannan doka, ɗayansu ma abokin cin tuwonsa ne.

A lokacin da nake ba da labari, gungunmu shi ne Ɗangoggo a gaba ta hagu, ni a bayansa, Thaddeus da wani shiru-shiru mai suna Hadi a dama. Direbanmu Oga Nicholas, mazaunin Mararaba, mai Hausar da ba ruwanta da mace da namiji.

Da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓa, sai gini ya haukace. Ko'ina ka duba rodi ne a tsaye. Mu da muke sawu huɗu a wuni muka koma tara, wata rana goma. Ɗangoggo ya sayi babur, ya daina takowa daga gida. Shayin safe ya koma na cokali biyar na sukari da burodi mai kama da matashin kai. Sai kuma wani mai gidan bulo ya nemi mai gadin dare, Ɗangoggo ya ce shi ai barci bai taɓa damunsa ba, ya karɓa, don yana so ya ƙara ɗaki saboda yara sun girma. Wuni a rafi, kwana a bakin ƙofar bulo. In ya runtsa, to gyangyaɗi ne a kan benci.

Shekara biyu yana haka. Mu da muke kusa muka fara gani kafin shi. Damatsan nan da suke kamar an ɗaure doya a cikin fata suka fara lilo. Teɓa ta leƙo ta ƙarƙashin singileti. Shebur ya yanke shi a ƙwauri, yankan da a da kwana biyar ya isa, sai da ya yi wata guda yana ɗaure da tsumma. Na ce masa, "Baba, wata nawa ne cikin? Mu fara tanadin rago." Ya ɗebi yashi ya watsa mini, amma bai yi dariya kamar yadda ya saba ba.

Wata Talata da safe, mun gama lodin farko, Oga Nicholas ya hau, sai muka ji ya kwarma ihu.

"Kai jama'a! Wane ne yana da gaba na hagu? Motan ya karkace kamar hulan ɗan gayu! Ni ba zan hau tudu da wannan ba, ina da yara biyar!"

Kowa ya san mai gaba ta hagu, har shi mai tambayar. Ɗangoggo ya miƙa masa shebur ya ce, "Gwada." Aka gwada, ya wuce baki da yatsa uku.

"Ɗaya ke nan," in ji Ɗangoggo da bakinsa. Ya cike wurin, mota ta tafi.

Sawu na biyu ya zage, har ina jin numfashinsa kamar zugazugin maƙera. Aka gwada, ya sake wucewa.

"Biyu," ya ce.

Kafin mota ta dawo ya tafi rumfar Mama Patricia, mai sayar mana da abinci da lemo a kan tudu. Yana ba da baya Thaddeus ya yafito mu.

"Ku ji nan. In Baba ya ajiye shebur yau, gobe zai kwanta ciwo. Na san shi. Ni da Hadi, cikin kowane shebur goma, ɗaya mu cilla shi can, ya tsallake ya faɗa kusurwarsa. Ba zai gani ba."

Na ce, "Ni fa? Ni yana ganina."

"Kai aikinka surutu. Ka riƙe masa kunne, kuma ka rage wannan rawar kan naka, kada kusurwarka ta tsere wa tasa."

Tun da nake, ba a taɓa ba ni aikin da ya dace da ni kamar wannan ba.

A can rumfa kuwa, ashe Mama Patricia ta dube shi ta ce, "Baba, jininka ne ya ƙare, dubi idonka." Ta fasa masa kwalbar malt, ta huda gwangwanin madara ta juye a ciki, ta ce wannan shi ne ƙarin jini na talaka. Ya shanye ya dawo yana lashe baki.

Aka yi sawu na uku. Ni ina ba shi labarin yadda Kanawa suka sayi hasken wata a kwalba, can kuma Thaddeus da Hadi suna cilli. Oga Nicholas ya hau, ya duba, ya dubi Thaddeus, ya dubi sama, ya ce, "Ya yi daidai." Ya ja tamfol.

Ɗangoggo ya daki ƙirji. "Kun gani? Jini ne! Matar nan ta fi likita."

Nan muka yi kuskuren. Mun so mu tsare masa shebur, sai muka ɗaure wa malt gindi. Daga kwalba ɗaya ya koma uku a wuni, kowace da gwangwaninta. Gadin dare kuwa ya ce yanzu ma ya fara, tunda ya gano maganin gajiya. Teɓa ta ƙara gaba, hannu ya ƙara baya. Cillin da ake yi ɗaya cikin goma ya koma ɗaya cikin bakwai, ya koma ɗaya cikin biyar. Hadi da ba ya magana ya fara zuwa da man zafi a aljihu. Ni ma labaran Kanawa suka ƙare mini, har na fara maimaici.

Ana cikin haka wata Asabar sai ga wata mota ƙarama ta gangaro har bakin ruwa. Wata mata ta fito da gilashi da takalmin roba. Ta ce sunanta Dokta Nabilah, tana gina wa mahaifiyarta gida a Gwagwalada, an kai mata yashi sau biyu duk laka, birkila ya ƙi taɓawa, shi ne ta zo ta zaɓa da kanta. Aka nuna mata Ɗangoggo, don a rafin nan babu wanda ya kai shi sanin yashi. Ya damƙi wannan ya matse ya buɗe hannu, ya dunƙule, ya ce, "Laka, kada ki saya." Ya damƙi wancan ya matse, ya warwatse, ya murza shi kusa da kunnenta. "Kin ji yana kuka? Wannan shi ne na bulo. Na filasta kuma sai mun gangara can."

Ta ji daɗi ƙwarai. Tana shirin tafiya ta gan shi yana haɗa malt da madara, ta tsaya.

"Baba, wannan fa?"

"Ƙarin jini ne, Hajiya. Ai ku likitoci kun sani."

"Sau nawa a rana?"

"Uku. In aiki ya yi yawa huɗu."

Ta cire gilashin ta dube shi tun daga wuya har ciki. Ta ce ita ba ta duba mutum a bakin rafi, amma ya zo asibiti ranar Litinin a auna jinin, in ya so a ga ko ya ƙaru. Ya yarda, don yana so a rubuta masa a takarda ya kawo wa Thaddeus. Aka ce in raka shi, wai ni ne ɗan bokon gungu, saboda na taɓa kaiwa aji biyu a sakandare kafin ni da makarantar mu gaji da juna.

Aka ɗebi jini, aka auna, muka zauna har azahar. Da muka shiga ta ce, "Baba, jininka bai taɓa ƙarewa ba. Ya ishe ka har ka ba wannan yaron. Sukari ne ya fara hawa, yana bakin ƙofa, bai shigo ba tukuna."

"To ƙarfin ina ya tafi?"

Ta tambaye shi shekarunsa, ya ce a rubuta hamsin. Ta ce za ta rubuta hamsin da biyar, in ya so su raba. Ta tambayi barcinsa, ya faɗa mata gadin bulo da alfahari. Sai ta ajiye biro.

Ta ce akwai wani abu ɗan mitsitsi a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bai fi ƙwayar wake ba, shi ke fitar da wani sinadari da ake kira sinadarin girma. Shi ke sa yaro ya yi tsawo. In mutum ya gama tsawo kuma ba ya barin aiki, sai ya koma gyara: ya taimaka wa tsoka ta murmure bayan wahala, ya rage kitse, ya sa rauni ya warke. Ta ce tun mutum yana wajen shekara talatin abin yake raguwa kaɗan-kaɗan, kowa da kowa, ba ruwansa da malami ko ɗan dako.

"Kuma mafi yawansa a cikin barci mai nauyi yake fita," in ji ta. "Kai ka hana shi barcin. Teɓa tana danne shi, sukari yana danne shi. Tsufa ya ɗauki rabonsa, kai kuma ka bi shi da gudu ka ƙara masa da naka."

Na ce, "Likita, wato birkilan cikin jikinsa ne ya tsufa, shi kuma ya kulle masa ƙofar wurin gini."

Ta yi dariya ta ce in da na tsaya a makaranta da an sha wahala da ni.

Ɗangoggo ya matso da kujera. "To tunda kun san sunansa, ai kuna da shi a kwalba. A yi mini allura."

Ta ce akwai allurar, amma ta marasa lafiya ce waɗanda aka auna aka ga abin nasu ya lalace, ba ta tsufa ba ce. Wanda ya yi ta haka kawai zai iya samun kumburin gaɓoɓi, sukarin da ke bakin ƙofa kuma ya shigo har ɗaka. Ta ce abin da ke hannunsa huɗu ne: ya bar gadin nan ya yi barci, ya bar malt da madara, ya rage sukarin shayi, ya riƙa takawa da ƙafa. Ba zai koma saurayi ba, amma abin da ya rage masa zai yi masa aiki.

Ya saurara har ta gama, cikin ladabi. Sannan ya ce, "Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Amma ni ina da ma'auni. Kafin in fara shan abin nan kusurwata ta kwanta sau biyu. Tun da na fara, wata biyar ke nan, ko sau ɗaya ba ta kwanta ba. Tambayi yaron nan."

Ta dube ni. Ni kuma na dubi kalandar da ke bango kamar an aiko ni in haddace ta. Bakin nan nawa da ba ya rufuwa, ranar ya rufu. Muka fito, a bakin asibiti ya sayi malt mai sanyi.

Abin da na kasa faɗa, yashi ne ya faɗa. Bayan kamar sati biyu aka yi ruwa a sama, rafi ya ɗan taso ya janye. Da safe Oga Nicholas ya tsayar da mota a tsakanin yashi iri biyu: ta hagu, wajenmu, busasshe fari, ta dama, wajen su Thaddeus, jiƙaƙƙe mai duhu. Babu wanda ya kawo komai a ransa. Muka yi lodi kamar kullum. Da aka gama sai wayar Oga Nicholas ta yi ƙara, ya koma gefe yana ihu a cikinta, ya ce wani ya hau ya ja tamfol. Kafin in ajiye shebur, Ɗangoggo, da ƙarfin ƙarin jini, ya taka taya ya haye.

Ya daɗe a sama. Ba mu ji motsin tamfol ba. Da na leƙa sai na gan shi a tsugune a kusurwarsa, ya damƙi yashi a hannu biyu, ɗaya fari ɗaya baƙi. Kusurwar tasa kamar an yi wa farar riga feshin taɓo.

Ya sauko a hankali. Ya zagaya dama, ya tsaya a gaban Thaddeus, ya buɗe hannun mai baƙin yashi.

"Tadi, wannan daga ina ya zo kusurwata?"

Thaddeus ya ce, "Iska ce, Baba."

"Iska mai shebur?"

Hadi ya sunkuyar da kai yana haƙa rami da babban yatsan ƙafa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar Talatar nan," in ji Thaddeus. "Sawu na uku."

Ɗangoggo ya zubar da yashin, ya kakkaɓe hannu. Na zaci zai yi faɗa, don na taɓa ganin ya ɗaga wani kwandasta sama da hannu ɗaya. Bai yi ba. Ya zauna a kan tudun yashi ya ce, "Wata biyar ina cin guminku ina yabon kwalba." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, Bazazzagin banza, shi ya sa kullum bakinka yake kunnena kamar sauro."

Na ce, "Baba, umarni aka ba ni."

"A gaban likita ma umarni ne?"

Na sunkuya na ɗauki shebur ɗina.

Oga Nicholas ya gama waya ya zo ya tsaya. Sannan Ɗangoggo ya ce, "Bisa doka, tun ranar nan ya kamata in ajiye. Amma sawu na ukun ba a gwada shi da gaskiya ba, ku kuka ɓata shi. Ina neman kwana arba'in. A sa wani a kusurwata aro. In na dawo a gwada ni, kowa a kusurwarsa. Wanda ya cillo mini ko cokali ɗaya, ban yafe ba."

Thaddeus ya ce, "An ba ka, Baba."

A ranar ya je ya sallami mai gidan bulo. Babur ya ba babban ɗansa. Da asuba sai ya tako daga Paikon Kore zuwa rafi, tafiyar kusan awa guda, ya taya masu tara yashi aiki har hantsi don kada hannu ya manta, sannan ya taka ya koma. Mama Patricia ta yi fushi da shi kwana uku, daga baya ta fara dafa masa wake da alayyahu. Shayi ya koma cokali ɗaya, yana sha yana ɓata fuska kamar an ba shi maɗaci. Inna Murja ta gaya mini satin farko in ya kwanta bayan isha'i sai ya yi ta juyi, jikin ya manta yadda ake yi. Sati na biyu kuwa sai da maƙwabta suka aiko a tambaya ko sabon janareta aka saya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, bai koma Ɗangoggon da ya ɗauki jaki ba. Damatsan ba su dawo ba. Amma teɓar ta ja da baya har ya ƙara huda a bel ɗinsa, idonsa ya washe, tafiyarsa ta daina jan ƙasa. Ya koma wajen Dokta Nabilah, ta ce sukarin ya bar bakin ƙofa ya koma tsallaken titi, amma yana nan yana leƙe.

Ranar arba'in ta faɗo Alhamis. Ya zo da shebur ɗinsa a wanke. Ya sa Oga Nicholas ya tsayar da mota inda yashin hagu da na dama suka bambanta, don kada a yi masa iska. Ni kuma ya ce in na buɗe baki zai cika shi da yashi.

Sawu na farko, Oga Nicholas ya hau ya gwada. "Daidai." Ya duba launi. "Babu baƙo a ciki."

Sawu na biyu ya gaza da rabin baki. Na uku, rana ta fara zafi, ina jin shebur ɗinsa yana jinkiri tsakanin ɗiba da jifa. Aka gwada. Ya gaza, amma saura yatsa biyu ya kai bakin shebur.

"Bai wuce ba!" in ji Oga Nicholas. "Baba ya ci!"

Thaddeus ya jefar da hula sama. Ɗangoggo ya ce, "Ku dakata. Wuni ake yi, ba hantsi ba."

Bayan azahar aka yi na huɗu. Ya wuce baki da tafin hannu guda. Oga Nicholas ya sauko yana sosa ƙeya, ya ce ai ɗaya ne kawai, doka ta ce uku a jere.

Ɗangoggo ya kafa shebur a yashi ya jingina da shi. "Ba sai na jira biyu da uku ba, na ji su a ƙuguna. Ga abin da na gani. Sawu uku na safe nawa ne, ina iyawa. Daga azahar kuwa ba nawa ba ne. Yaron da ya riƙe mini aro ya karɓi yamma."

Thaddeus ya ce, "Baba, ba a taɓa raba kusurwa biyu ba. Babu wannan a doka."

"Wa ya kafa dokar?"

"Kai."

"To na kawo gyara. Ai mulkin farar hula ake yi, a kaɗa ƙuri'a."

Thaddeus ya ɗaga hannu. Hadi ya ɗaga, da man zafinsa a ciki. Oga Nicholas ya ce shi in dai motan ba zai karkace ba, ko a raba kusurwan goma, ya ɗaga hannu biyu. Ni na ce ban yarda ba, sai an rubuta cewa Bakano ya nemi alfarma a gaban Bazazzagi. Aka ce rinjaye ya riga ya samu, in kai ƙara kotu.

Yau shekara biyu ke nan ana haka. Da sassafe za ka same shi a gaba ta hagu, kuma duk sawu sai ya sa an gwada, ko da direba yana sauri. In ya cika ukunsa sai ya wanke shebur a rafi, ya saɓa a kafaɗa, ya kama hanyar Paikon Kore a ƙafa, tifofi suna wuce shi suna yi masa hon. Ya ce ranar da sawu na uku ya wuce bakin shebur zai koma biyu, ba sai kowa ya gaya masa ba. Har jiya dai uku ne.